Abin da Na Ji a Wuyan Babur Ɗinka

Kazaure, ranar Laraba

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a zaune da tafe, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa albarka a aikin malamin gona da ka fara a ƙasar Gwiwa. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, kowa yana nan lafiya.

Jiya mahaifiyarka ta kira ka a waya ta ce kada ka sake hawan babur ɗinka sai takardata ta iso. Ni na sa ta. Ga dalilin tun da fari, don kada ka yi ta karatu hankalinka a tashe: akwai aibi a wuyan babur ɗin nan, wato inda kansa yake juyawa, kuma irin aibin da kan kayar da mutum ne a gangara ko a kwana. Ka shigar da shi ɗaki ka jingine. Gonakin da ke kusa ka je musu da ƙafa, na nesa su jira. Yadda na gano aibin, da abin da ya hana ni faɗa maka ranar da ka tafi, suna nan tafe a gaba. Ba zan iya faɗarsu a waya ba. Kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda aka tashe mu: ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba. Takarda ba ta kallon mutum a ido, shi ya sa na zaɓe ta.

Zan fara da abin da ya tsaya mini a rai, domin idan ban fitar da shi ba, duk nasihar da zan yi maka za ta fito da ɗaci. Labarin sayen babur ɗinka a ƙofar masallaci na ji shi. Maƙwabcinmu Malam Sabo tela ne ya riƙe mini hannu bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, ashe yaro ya yi abin hawa? Na gan shi a garejin Isiya ana ta sa albarka. Allah ya sanya alheri." Na ce amin, na yi murmushi kamar na sani. Kawunka Isiya, ƙanin mahaifiyarka, shi ka ɗauka zuwa kasuwar Babura. Shi ya zaɓa, shi ya fara hawa, shi ya fara ɗora hannu a kan tanki ya yi addu'a. Sai da rana ta yi sanyi aka turo babur ɗin ƙofar gidana, bayan rabin unguwa sun gama gani. A yadda muka taso, abu na farko da ɗa ya saya da guminsa, ƙofar ubansa yake fara kaiwa. Na fito na yi addu'ata, amma addu'a ta biyu ce, kuma na san ta biyu ce.

Ban ce ka yi laifi ba. Isiya bakanike ne, tun yana saurayi yake kwance inji. Ni duba-gari ne, ban yi nisa a makaranta ba, kuma duk abin da na sani, daga tsaftar rijiya har gyaran birki, daga ƙasidu na koya, wato ƴan ƙananan littattafan nan da ake rabawa a ofis, da wanda ya zo tare da babur ɗina. Ka san akwatin ƙarfen da nake adana su. Saboda su ne kawunka ya raɗa mini suna Shafi-na-nawa, domin duk abin da ya faɗa sai na ce bari in duba. Na san wasa ne irin na ƙanin mata da mijin yaya, ban taɓa nuna ya dame ni ba. Amma ranar da na ji ka yi dariya da ya kira ni da sunan nan, kana ɗan sakandare, ban ci abincin kirki ba.

To, ga kurakuraina. Ka karanta su da natsuwa, domin kowanne na biya shi da jikina ko da mutuncina.

Na farko shi ne leda. Sai da na kusa shekara arba'in kafin Allah ya hore mini babur, kai kuwa ga shi ka samu kana da ashirin da huɗu, kuma ba zan ɓoye maka ba, wannan ma na lissafa shi a zuciyata kafin na yi maka murna. Nawa sabo ne, ya zo a naɗe da leda, sai na yi abin da kowa yake yi a garin nan: na bar ledar a tanki, da madubi, da ƙarafan gefe, don ya dawwama yana sabo. Na ma fi kowa. Duk inda ta yage sai in sa wata in ɗaure da roba. Isiya ya gan ni wata rana ya ce, "Malam, wannan mashin ne ko tsarabar Makka? Ka cire masa riga ya sha iska mana." Na ce masa ƙasida ta ce a kare fenti daga rana. Gaskiya ne ta faɗa, amma ba ta ce a naɗe ƙarfe a bar shi damina huɗu ba. Ruwa yana shiga ƙarƙashin leda ba ya fita. Ranar wata kasuwar Roni, na tsaya duba rumfar mahauta, sai na ji warin fetur, na duba na ga yana ɗiga a kan inji mai zafi. Da na yage ledar, gindin tankin ya yi tsatsa har ya huje. A gaban mahautan da nake yi wa faɗan tsafta na tura babur ɗina, suna ce mini sannu.

Naka tsoho ne, amma na ga an naɗe shi da sabuwar leda mai ƙyalli. Dillalai ba sa sayen leda don son mai saye. Ka cire ta gaba ɗaya, kada ka bar ko ƙyalle. Ka bi ƙarfen jikin da yatsa tun daga wuya har bayan kujera, ka duba ko akwai inda aka yi walda aka shafe da fenti. Ka leƙa cikin tanki da tocila. Idan abokan aikinka sun ce mashin ɗinka ya tsufa da wuri, ka bar su su faɗa. Ban ji kawunka ya ce ka cire ledar nan ba, shi da ya yi mini dariya a kanta. Wataƙila ya manta. Ko kuwa dariyar ce ta fi damunsa, ba tankin ba.

Na biyu shi ne notin baƙin mai, wanda ake kwancewa a ƙarƙashin inji idan za a juye mai. Ƙasidata ta ce a ɗaure shi da kyau. Ni kuwa mutum ne da idan na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta sau uku. Duk lokacin da na canza mai, sai in ɗaure, in tafi, in dawo in ƙara, in kwanta ina tunanin ko ya yi, da safe in ƙara kaɗan. Wata rana na ji ya yi laushi a hannuna, ashe zaren ya sule. Maimakon in tsaya, sai na naɗa masa zaren ɗinki na mayar, na ce ai zai kai ni. Aiki ya kai ni wani ƙauye a hanyar Gwiwa, wannan hanyar da kake bi yanzu. Man ya yi ta ɗiga ban sani ba, har inji ya bushe ya buga a tsakiyar daji. Wani makiyayi ne ya taya ni turawa zuwa bakin titi.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne abin da na yi bayan haka. Garejin Isiya yana nan kusa da gida, amma na ɗora babur ɗin a mota na kai shi Babura wurin wani bakanike da ban sani ba, don kawai kada kawunka ya ga zaren ɗinkin nan. Mutumin ya haɗa mini inji, ya yi wata biyu ya sake bugawa. A ƙarshe mahaifiyarka ce ta aika aka kira ƙaninta ba da sanina ba. Na dawo daga ofis na tarar da shi a zaure ya baje injina a kan buhu, kai kuma kana tsugune a gefensa kana kallon hannunsa kamar yana sassaƙa zinariya. Ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ɗinkin a shafi na nawa yake?" Ya gyara, kuma gyaran ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Amma daga ranar ban sake taka garejinsa ba, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Don haka ka juye man da ke cikin injinka da zarar an gama da wuyan, kada ka yarda da shi ko da ya yi kyau a ido. Masu sayar da tsohon babur sukan zuba mai mai kauri don ya danne ƙarar inji. Ka juye shi inji yana da ɗumi, ka tara a kwano mai tsafta, ka kai rana ka duba ko akwai garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Idan za ka mayar da notin, ka fara murza shi da yatsu har ya zauna, sannan ka sa sifana ka ƙara kaɗan, ka tsaya. Idan zuciyarka ta ce ka ƙara, wannan muryata ce, kada ka bi ta. Kowace safiya kafin ka tayar, ka duba ƙasan inda babur ya kwana, ka zaro ma'aunin mai ka goge ka sake tsomawa. Kuma idan ka yi ɓarna da hannunka, ka kai ta wurin wanda ya iya, ka faɗa masa gaskiyar abin da ka yi. Kunyar minti biyar ce.

Na uku shi ne sarƙa. Ƙasidar da ta zo da babur ɗina, waɗanda suka rubuta ta ba su san yashin ƙasarmu ba. Ta ce a riƙa sa wa sarƙa mai a kai a kai. Don in ji daɗin sawa, sai na cire murfin sarƙar gaba ɗaya na ajiye a ɗaki, na riƙa kwarara mata tsohon baƙin mai kowace Asabar. Mai da yashi idan suka haɗu, dutsen wasa ne. Kafin shekara haƙoran da sarƙa take hawa sun yi tsini kamar ƙaya. Wannan asarar ƙarfe ce kawai. Amma wata Juma'a na sa babbar riga zan tafi masallaci, iska ta kaɗa gefen rigar, sarƙar da na tsiraita ta cafke shi. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Tabon da kake gani a gwiwar hannuna na hagu, wanda aka ce maka faɗuwa na yi, to wannan ce faɗuwar.

Kada ka cire murfin sarƙa, idan kuma babu shi ka sa a nemo. Ka wanke ta da kananzir, ka bar ta ta bushe, ka sa mai kaɗan ka goge ragowar. Ka taɓa ta a tsakiya: ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu. Idan ta yi tauri kamar tsirkiya za ta ci boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya take juyawa a kansu, idan ta yi sako-sako za ta goce. Duk ranar da ka sa manyan kaya, ka tattare su ka zauna a kai. Idan ka goya mace, ka tsaya ka ga ta tattare mayafinta da idonka kafin ka sa giya.

Ga wasu ƙanana, su ma kowanne da labarinsa, amma ba zan cika ka da su ba. A can ƙauye sai a wurin ƴan bumburutu za ka sami fetur: ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta, ka tace da ƙyalle mai tsafta. Kada ka shiga rafi da inji mai zafi don ka wanke shi. Idan ka tsallake ruwa, ka taka birki a hankali sau da yawa har ya bushe kafin ka ƙara gudu. Ka ajiye fulogi guda a ƙarƙashin kujera, a naɗe a tsumma. Bakin fulogi mai lafiya launin soyayyar gyaɗa yake yi. Idan ya yi baƙi ƙirin ko fari fat, injin yana gaya maka wani abu. Ka wanke soson da ke tace iska. Ka duba gefen tayoyin nan, domin tsohuwar taya takan yi ƙananan tsaga ko da zanenta bai cinye ba. Hular kwano kuma ka sa ta a ka, ba a hannun babur ba, ko da za a ce maka ɗan boko. Na san kawunka ba ya sawa. Ba komai nasa ne abin koyi ba.

Kuskure na huɗu ba na ƙarfe ba ne, kuma shi ne uwar sauran. Za ka iya tuna yadda nake shimfiɗa tabarma ranar Asabar in jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Wata Asabar, kana ɗan shekara goma, ka zo ka tsuguna, ka ɗauki ɗaya ka miƙo mini. Kuma ita ce daidai wadda nake nema. Na lura da haka, zuciyata ta yi fari. Amma kakarka tana zaune a bakin ɗakinta tana kallo, ni kuwa ina jin kunyar a ga ina wasa da ɗan fari. Sai na ce, "Kai, ajiye, ba abin wasa ba ne." Ka ajiye ta daidai inda take, ka tashi. Ba ka sake zuwa tabarmar nan ba. Ƙannenka na goya su a babur zuwa makaranta, zuwa asibiti, zuwa gona. Kai ban taɓa goya ka ba, ko sau ɗaya, kuma a lokacin gani nake hakan shi ne cikar kamala.

Isiya kawu ne, babu kunya tsakaninsa da kai. Ya buɗe maka ƙofar da na rufe. Wata yamma ina dawowa daga aiki ta filin da ke kusa da dam, sai na hango ka a kan mashin ɗinsa kana koyo, shi yana gudu a bayanka ya riƙe ƙarfen ɗora kaya yana ihu, "Saki kuloci a hankali, ɗan yayata, ba jaki kake kora ba!" Na tsaya a bayan wata tsamiya na kashe inji. Na ga lokacin da ya saki hannu ka tafi kai kaɗai, na ga ka juyo kana nemansa da ido don ya ga ka iya. Shi ka nema. Na daɗe a wurin. Da na dawo gida na ce wa mahaifiyarka ƙaninta zai karya mata yaro, ta ja masa kunne. Abin da na iya faɗa ke nan.

Kishi nake yi da kawunka, Mai sunan Malam. Shekara da shekaru ina kiran abin da wasu sunaye: in ce shi ba shi da tsari, in ce yana aiki da ka ba da ilimi, in ce bakinsa ya yi yawa. Duk akwai gaskiya a ciki, amma ba su ne ba. Shi yakan kara kunne a jikin inji ya faɗi ciwonsa, ni sai na buɗe akwati. Shi idan ya yi magana kana dariya, ni idan na shigo kana miƙewa tsaye. Girmamawar da kake yi mini ba ta da aibi, kowa yana yabonka a kanta. Amma da za a ba ni zaɓi, da na ba da rabinta a ba ni rabin abin da yake samu. Nasihata a nan ita ce, idan Allah ya ba ka naka ɗan farin, ka riƙe kunya a gaban mutane yadda aka saba, ban ce ka yar da ita ba. Amma idan ya miƙo maka sifana, ka karɓa.

Yanzu na zo kan na biyar, wanda bai cika mako ba. Ranar Asabar da safe, da ka shiga ciki yin sallama da mahaifiyarka, na tsaya ni kaɗai da babur ɗinka a zaure. Akwai wani gwaji a ƙasidata da na haddace: a kafa babur a kan babbar ƙafarsa ta tsayawa, a danna baya har tayar gaba ta bar ƙasa, a juya kan a hankali dama da hagu. Na yi. Da kan ya zo tsakiya sai na ji ya maƙale kaɗan, kamar ya faɗa wani ɗan rami, sai an ƙara ƙarfi yake wucewa. Na kama ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba na jijjiga, na ji suna motsi. Boris ɗin wuya ne ya ci. A hankali a kan yashi ba za ka ji komai ba. Amma da gudu, a gangarar duwatsun nan, ga taki ko buhun iri a baya, kan zai iya ƙin juyawa a lokacin da kake bukata, ko ya kama rawa a hannunka.

Ka san abin da ya fara zuwa zuciyata? Ba tsoro ba ne. Daɗi ne. Na ce yau Isiya mai kunne ya yi kuskure, kuma Shafi-na-nawa ne ya gano. Sai wani tunani ya biyo baya, wanda nake neman gafarar Allah a kansa: idan na faɗa yanzu, za ka kira kawunka, ya zo ya gyara cikin raha, ya ce ai dama ya gani, a tashi babu wanda ya san ni na gano. Amma idan na bari ka ji abin da hannunka a can, za ka san wanda ka amince wa ya zaɓa maka mai aibi. Na ce wa kaina ai kai mai hankali ne, ba ka gudu. Ka fito, ka durƙusa, na yi maka addu'ar tafiya da bakin da ya ɓoye wannan magana, ka hau ka tafi.

Kwana uku ina ɗauke da ita. Duk ƙarar babur da ta tsaya a ƙofar gida sai in miƙe in leƙa. Ranar Litinin aka yi ruwa mai yawa, na zauna ina ƙiyasta yadda hanyar ta koma. Jiya da safe mahaifiyarka ta ajiye mini koko ta ga ban taɓa ba, ta ce, "Malam, kwana uku ba ka cin abinci. Me aka yi?" Na gaya mata duka, ban rage ba. Ta dube ni ido da ido, abin da ba ta saba ba. Sannan ta ce, "Tsakaninka da Isiya na daɗe da sani, na yi shiru don na ɗauka na manya ne. Ashe har da ran yaron nan za a sa a ciki?" Ta ɗauki waya ta kira ka. Da ta gama ta ce, "Saura kai. Ka san hanyar garejin, ba a canza masa wuri ba."

Na tafi. Yana ganina ya miƙe da tsumma a hannu. "A'a! Yau wace rana? Shafi-na-nawa da kansa! Bari in share benci, kada a rubuta ni cikin masu ƙazanta."

Na ce, "Isiya, ba wasa ya kawo ni ba."

Nan take fuskarsa ta canza. "Yayata lafiya take?"

"Lafiyarta ƙalau. Wuyan mashin ɗin yaron nan, ka duba shi a Babura?"

Ya ajiye tsumman ya ce, "Na saurari inji, na duba hayaƙi, na gwada giya da birki. Wuya kuwa..." Ya sosa ƙeya. "Wallahi ban ɗaga gaban ba, Malam. A yashi na zagaya da shi. Me ka ji?"

Na kwatanta masa. Ya zauna a kan bencin da ya share mini ya ce, "Boris ne. Innalillahi. Wannan laifina ne, kunne ba ya jin wannan." Shekara goma sha ɗaya ina jiran in ji kalma irin wannan daga bakinsa. Da ta zo, ban ji komai ba sai nauyi.

Sai ya ɗago. "Yaushe ka gano?"

"Ranar Asabar."

"Yau Talata, Malam."

"Na sani."

Ya dube ni, na ga ya gane, har da dalilin. Na shirya wa duk abin da zai faɗa, domin na cancanta. Sai ya ce, "Da wani ne da na gaya masa magana. Amma ni na zaɓa ban duba ba, kai ka duba ba ka faɗa ba. A bar ta a nan, kada Yaya ta haɗa mu ta yi mana wanka da ruwa ɗaya." Ya ce zai sa a kawo sabon boris daga Kano, ranar Asabar ya zo ya same ka a can, tunda babur ɗin bai kamata ya hau hanya ba. Na miƙe zan tafi, sai ya ce, "Ina za ka? Ai da kai za a je. Ƙwallayen boris ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, ana buɗe wuya suke zubowa. Ni ban taɓa kwance wuya ban ɓatar da biyu a ƙasa ba. Kai kuwa ko allura ba ta taɓa ɓace maka ba. Ka zo ka riƙe kwano."

Ban sani ba ko da gaske yana bukatata, ko tausayina ya ji. Na fi zaton tausayi ne, kuma wannan ma yana yi mini ciwo, domin ko a nan ya fi ni. Ba zan yi maka ƙarya in ce kishin ya tafi ba. Ranar Asabar zan zauna a bayan mashin ɗinsa tun daga Kazaure har Gwiwa ina kallon ƙeyarsa, kuma na san kafin mu iso zai ba ni haushi sau goma. Amma zan zo. Nasihar wannan kuskuren gajeriya ce: idan ka ga aibi a abin hawan wani, ka faɗa a take, ko wane ne zai sami yabo.

Ka nemi gafarar Allah tare da ni, ni kuma ina neman taka. Ban saba ba, kuma ba lallai in iya maimaitawa idan mun haɗu, don haka ka riƙe wannan a matsayin na faɗa.

Ka tanadi tabarma mai tsafta a wuri mai inuwa wanda kaji ba sa zuwa, da farin kwano guda mai zurfi, da kananzir kaɗan. Giris kawunka zai kawo. Na gaya masa sharaɗina ɗaya, ya kuma yarda: shi zai faɗi abin da za a yi, ni zan tare ƙwallayen, amma kai za ka kwance, kai za ka ɗaure. Ina so in ga aikin hannunka a kusa, ba daga nesa ba.

Allah ya tsare ka da tsarewarsa, ya kiyaye gabanka da bayanka, ya sa ƙarfen nan ya zama mai yi maka hidima har ka gaji da shi ka ba wani. Allah ya kawo mu lafiya, ya same ka lafiya. Ka gaida mai gidan da ya sauke ka, ka ce na gode da riƙon amana.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna Duba-gari